Kafin Mu Tara Kuɗin Tiyata

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun san yaro a ikilisiya wanda yake tafiya a kan yatsun ƙafa, gwiwoyi suna gogar juna, ƙafafu a harɗe kamar almakashi. Mukan ce shan inna ne. Sau da yawa ba shi ba ne. Shan inna sakin ƙafa yake yi, wannan kuwa sandarewa ce, tushenta kuma rauni ne a ƙwaƙwalwa: ko daga doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau.

Akwai tiyatar da ke sassauta ƙafafun. Likita yakan buɗe ƙasan gadon baya, ya gwada ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙafa zuwa laka, ya yanke waɗanda ke sa naman ƙafa ya ɗaure. Dokta Warwick Peacock ya inganta aikin a Cape Town, Afirka ta Kudu, a shekarun 1980. A 2018 hukumar lafiya ta Ingila ta amince ta riƙa biya wa yara 'yan shekara 3 zuwa 9, amma sai waɗanda suke iya takawa, ko da da abin dogarawa ne.

Wannan sharaɗin yana da dalili. Jijiyar da aka yanke ba ta komawa. Wani yaron ma da sandarewar yake iya tsayuwa, in an cire ta sai ya zube. Ko wanda aikin ya dace da shi yakan tashi da ƙafafu marasa ƙarfi, sai an yi watanni, wani lokaci har shekara biyu, ana gashi da motsa jiki. Raunin ƙwaƙwalwar kuwa yana nan.

A nan muke yin kuskure. Mun iya tara baiko ranar Lahadi ɗaya domin "aiki", amma wa zai biya kuɗin motar uwar da za ta riƙa goya ɗan shekara bakwai zuwa wurin gashi kowane mako?

Muna roƙon dattawa da zumuntar mata, kafin a zagaya da faranti, a fara kai yaron wurin likitan yara da likitan ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai yiwuwa gashi da takalmin gyaran ƙafa za su rubuta, ko ƙaramin aikin tsawaita agara. In kuwa babbar tiyatar ce, a sa kuɗin motar shekara guda cikin lissafi tun ranar farko.