Taswirar Kasuwar Kongo da Darasin OSPF

Duk wanda ya taɓa bin mai turin kaya a Kasuwar Kongo da ke New Bell a birnin Duwala ya san cewa hanya mafi kusa ba kullum take fin sauri ba. Layin 'yan atamfa na iya cushewa, wani lungun ruwan sama ya kwanta, sai ka ga ya karkata baronsa ya zaga ta baya, kuma ya riga ka isa. Sirrinsa shi ne taswirar kasuwar tana cikin kansa. Baƙo kuwa sai tambaya: wannan ya tura shi can, wancan ya dawo da shi nan.

Haka na'urorin sadarwa suke wajen zaɓen hanyar da saƙo zai bi. A tsohon tsarin RIP, kowace na'ura tana shaida wa maƙwabciyarta, duk bayan daƙiƙa 30, cewa wuri kaza yana da zango kaza daga gare ta, maƙwabciyar ta karɓa ba tare da ta gani ba, kuma tafiyar ba ta wuce zango 15. A tsarin OSPF, wanda John Moy ya rubuta ƙa'idarsa ta farko a 1989, kowace na'ura tana bayyana halin layukan da ke bakin ƙofarta ne kawai, labarin ya isa ga kowa a yankin. Daga nan kowacce ta zana cikakkiyar taswira, ta fitar da hanya mafi arha da lissafin da Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan ya wallafa a 1959. Gani ya kori ji.

Ra'ayina shi ne, matasanmu da ke ɗaura wa 'yan kasuwa layin intanet da kyamarorin tsaro a New Bell suna tafiyar da OSPF irin tafiyar baƙo. Sun haddace umarni daga bidiyo ko daga bakin maigida, sun buga, fitila ta yi kore, sun karɓi kuɗinsu. Ina ganin bai kamata a bar ɗalibi ya taɓa saitin suwic mai aikin rauta ba sai ya iya zana taswirar a takarda, ya kuma bayyana ta da harshen da yake tunani da shi.

Ga misali. Wani ɗalibina ya haɗa wa wani ɗan kasuwa shago da sito da layi biyu: wayar gilashi mai megabit 1000, da layin ko-ta-kwana mai megabit 100. Sai wasu kwamfutocin suna gudu, wasu suna rarrafe. Dalili kuwa, OSPF yana fitar da farashin layi ne ta raba wani ma'auni da saurin layin, kuma a yawancin na'urorin Cisco ma'aunin da suke zuwa da shi megabit 100 ne. Farashi ba ya sauka ƙasa da 1, don haka layukan biyu suka zo kunnen doki, na'urar ta raba musu kaya. Maganin umarni ɗaya ne, auto-cost reference-bandwidth, a ɗaga ma'aunin a kan dukkan na'urorin daidai wa daida. Amma wanda bai san ana rabawa ba, ina zai san inda zai duba?

Na biyu, gaisuwa. Na'urori maƙwabta suna gaisawa duk daƙiƙa 10 a kan layin Ethernet, in aka yi daƙiƙa 40 shiru sai a ɗauka maƙwabci ya mutu, a sake zana taswira. A garin da ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce, daƙiƙa 40 na iya tsayar da mai saye a gaban kanta yana jiran cinikinsa ya shiga. Ana iya rage lokacin, sai dai in ka rage a gefe ɗaya ka manta ɗayan, ba za su ƙulla maƙwabtaka ba sam.

Na uku ya fi damuna. OSPF gini ne a kan amana: abin da maƙwabci ya faɗa, shi ake sa wa a taswira. A kasuwar da wayoyi ke ratsa rumfunan mutane da yawa, duk wanda ya jona na'urarsa a bakin layin da aka bari a buɗe yana iya shelar hanyar ƙarya, ya ja saƙonnin mutane zuwa gare shi. Umarnin passive-interface a kan duk ƙofar da ke kallon masu amfani, da sa mabuɗin sirri tsakanin na'urori, aikin 'yan mintuna ne.

Za a ce shago ɗaya mai layi ɗaya ba ya buƙatar OSPF. Gaskiya ne, hanya tsayayyiya da aka rubuta da hannu ta ishe shi, kuma sanin haka ma yana cikin fahimtar da nake kira gare ta. Za a kuma ce umarnin da Ingilishi yake, jarrabawar da Ingilishi ko Faransanci, to me ya kawo Hausa? Umarnin ya zauna yadda yake. Dalilinsa ne nake so ya shiga kai, kuma na sha ganin ɗalibin da ya kasa a allo ya gane nan take da aka ce masa farashi, maƙwabci, gaisuwa, taswira.

Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da WACS suka yanke, Kamaru na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu, kowa ya san darajar hanya ta biyu. To, kafin ka miƙa aiki, zana taswirarka, rubuta farashin kowane layi, faɗi inda saƙo zai bi in babban layin ya yanke. Sannan ka zare wayar a gaban mai shagon, ku ƙirga daƙiƙoƙin tare.