Mu da Muka Raina Gyara

Wata magariba da rani, a Taura, ina tsaye cikin layin 'yan garuwa da jarka biyu a hannuna, sai wani haske ya keto daga yamma. Ya fi sauran taurari haske, ba ya ƙyaftawa, yana tafiya a natse. Kawuna, wanda ya shekara fiye da ashirin yana gyaran babura a gefen kasuwar Gujungu, ya ɗaga kai ya ce, "Kai ɗan boko, wannan kuma wane irin tauraro ne mai sauri haka?"

Na ce, "Kawu, ai gida ne. Akwai mutane a ciki."

Ya yi shiru har hasken ya ɓace a gabas, sa'an nan ya ce, "To in wani abu ya lalace musu a can, wa suke kira?"

Na yi shekara huɗu ina karatun kimiyya a Dutse, amma ban taɓa jin tambayar da ta kai wannan ba. Abin da ya sa muke cikin layin kuwa, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da aka ƙaddamar a unguwarmu, da kiɗa da tafi da jawabai, ta daina ba da ruwa. Tankin yana nan, allon da ke ɗauke da sunan mai alherin yana nan, famfon ne kawai ya bushe. Ni a ganina ciwon da ke cin ƙasarmu ke nan: mun iya ƙaddamarwa, mun raina gyara. Shaidata kuma tana can sama, nisan kilomita 400 daga kawunanmu.

Abin da muka gani a daren nan shi ne Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda Amurka da Rasha da Japan da Kanada da ƙasashen Turai suka haɗa hannu suka gina. An harba ɓangarenta na farko a Nuwamba 1998, kuma tun 2 ga Nuwamba 2000 ba a taɓa barin ta babu kowa ba. Tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90, wato sau 16 a rana. Waɗannan alƙaluma su ne suke burge mutane. Ni kuwa jadawalin aikin mazaunanta ne ya fi ɗaukar hankalina.

Ɗan sama jannati yakan tashi da safe ya yi taro da masu kula da shi daga ƙasa, sa'an nan ya shiga aiki. Wani ɓangare na yinin na bincike ne: yadda ƙashi da tsoka suke zaizayewa idan jiki ya rabu da nauyi, yadda wuta take ci, yadda shuka take tsiro. A Agusta 2015 suka ci latas ɗin da suka noma da kansu. Yakan kuma motsa jiki kimanin awa biyu kullum don kada ƙasusuwansa su yi rauni. Sauran lokacin fa? Sauya matatar iska, duba injin da ke cire gurɓatacciyar iskar numfashi, gyaran injin da ke raba ruwa ya fitar da iskar shaƙa, da gyaran masai idan ya toshe. Ranar Asabar ta shara ce da goge-goge. Mai digirin digirgir, wanda aka zaɓo daga cikin dubbai, shi ne mai shara, shi ne mai gyaran famfo. Ko tashar kanta tana saukowa sannu a hankali saboda gogayya da ɗan iskar da ke can, sai an riƙa kunna injuna ana ɗaga ta. Da za su yi mata irin riƙon da muke yi wa rijiyoyinmu, da tuni ta faɗo.

A 2023 hukumar NASA ta sanar da cewa na'urorin tashar sun kai ga dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi, har da gumi da fitsari, su tace shi ya koma abin sha. Mu kuwa muna zaune a kwarin kogin Haɗeja, ambaliya tana cinye gonakinmu da damina, kachala tana toshe hanyoyin ruwa, da rani kuma muna layi da jarka.

Na san abin da za a ce: ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, an kashe maƙudan biliyoyin daloli a tashar nan. Amma a dubi yadda aka ceto ta a wasu lokuta. A 2012 wani noti ya ƙi ɗauruwa a jikin na'urar rarraba wutar lantarki. Sunita Williams da Akihiko Hoshide suka fita waje cikin rigunan sama, suka share ramin notin da kayan da suka harhaɗa, ciki har da buroshin goge baki, aikin ya yiwu. A Agusta 2018 aka gano ɗan rami mai faɗin milimita biyu a jikin kumbon Soyuz da ke maƙale da tashar, iska tana zurarewa. Aka toshe shi da ƙyalle da gam. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Kawu ba zai gane ba. Bambancin shi ne akwai mai sa ido kullum, akwai wanda aikin ya rataya a wuyansa, kuma ba a jira ɓarna ta girma.

Ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye. A Mayu 2007 aka harba wa Nijeriya tauraron sadarwa NigComSat-1 daga ƙasar Sin. A Nuwamba 2008 ya mutu saboda matsalar farantan da ke tara masa hasken rana, sai a Disamba 2011 aka maye gurbinsa. A tsakanin nan, cikin Nuwamba 2007, farantin hasken rana na tashar sararin samaniya ya yage, Scott Parazynski ya fita ya ɗinke shi da 'yan wayoyin da aka lanƙwasa a cikin tashar. Ban ga laifin kowa ba game da tauraronmu, domin yana nisan kusan kilomita 36,000, babu hannun da zai kai can. Abin da na kasa fahimta shi ne rijiyar unguwarmu, wadda ba ta fi taku ɗari biyu daga ƙofar gidanmu ba, amma muke yi mata kallon abin da ke nisan kilomita 36,000.

Wasu kuma za su ce ƙasar da ke neman ci gaba bincike take buƙata, gyara aikin ƙananan mutane ne. To su tambayi masu na'urar AMS, wadda aka maƙala a jikin tashar a Mayu 2011 don nazarin ƙwayoyin da ke zuwa daga can cikin samaniya. Da injunan sanyaya ta suka fara gazawa, sai da Luca Parmitano da Andrew Morgan suka fita waje har sau huɗu tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020 suka yi mata aikin famfo. Ba don su ba, da binciken ya tsaya. Mu ma mun amfana: daga ɓangaren Japan na wannan tasha aka saki ƙaramin tauraron NigeriaEduSat-1 a Yuli 2017, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure take da hannu a ƙera shi. Ƙofar da ya fita ta buɗe ne domin wani yana kula da ita.

Me ya sa muka zama haka? Dalili na farko a fili yake. Sabuwar kwangila tana da biki, tana da allo, tana da hoto a Facebook, tana kuma da rabo. Gyara ba shi da ko ɗaya. Wanda ya haƙa sabuwar rijiya kusa da matacciya ana yi masa kirari, wanda ya sauya waya ya farfaɗo da tsohuwar babu mai sanin sunansa. Dalili na biyu ya fi yi mini ciwo, domin ina ciki. Mu 'yan boko mun taso muna ganin riƙe sifana faɗuwar girma ne. Na iya zana yadda farantin sola yake mai da haske lantarki, na ci jarrabawa a kai, amma wata uku ina wucewa ta gindin tankin nan ban taɓa buɗe akwatin wayoyinsa ba. Ina jiran gwamnati, gwamnati tana jiran kasafin baɗi.

Kada kuma wani ya ce gyara al'adar Turawa ce. Kakanninmu ba sa barin damina ta riske su ba su yi wa soro yaɓe ba, ba su yi wa ɗaki sabuwar baibaya ba. Ana yashe rijiya, ana kiran gayya a gyara hanya, domin sun san sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Siminti da injin da suka zo ne suka ruɗe mu, muka ɗauka an kawo mana abin da ba ya tsufa.

Don haka ina kira da a daina miƙa wa gari kowane aiki sai an haɗa shi da abu uku: kuɗin gyaransa na shekara-shekara, sunan mutumin garin da aka horar don kula da shi, da littafin da za a riƙa rubuta ranar da aka duba shi. A rubuta sunan mai gyaran a jikin allo, ƙarƙashin na mai alherin. Ranar neman ƙuri'a kuma mu tambayi ɗan takara abu nawa ne cikin waɗanda ya ƙaddamar suke aiki har yau.

Ban ba Kawu amsa a daren nan ba. Amsar ita ce ba su da wanda zai zo musu. Ana yi musu bayani daga ƙasa, su kuma su naɗe hannun riga. Washegari da hantsi na same shi a rumfarsa, na gaishe shi, na ce, "Kawu, ko za ka ara mini mitar gwada wuta, ka raka ni gindin tankin nan?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗauko akwatin. Kai za ka riƙe sifanar."