Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Rediyo na Agye, Gazawa da Gidan Rumji

  

Kwanan baya a Cadawa wani matashi ya ajiye mini wani abu a kan tebur. Baƙi ne, faɗinsa bai wuce akwatin ashana ba, da mayen ƙarfe a gindinsa da doguwar waya siririya. A Facebook ya ga tallarsa, ya tura kuɗi, aka sa masa shi a mota. Wai eriya ce ta rediyon tauraron ɗan'adam, da ita zai ji tashoshin duniya ko a tsakiyar gona yake. Ya ce, "Baba, duba mini, ta gaske ce ko jabu?" Na juya ta, na duba bakin wayarta, na karanta rubutun da ke bayanta. Na ce masa, "Ɗana, ta gaske ce. Sai dai ba ta da amfani a nan." Ya kalle ni kamar na zage shi.

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na san irin kayan nan za su riƙa zuwa teburanku. Kafin a tambayi ko eriya gangariya ce ko jabu, a fara tambaya: me za ta kama? Eriya kunne ce kawai. In ba mai magana, kaifin kunne bai ƙara komai.

Mafi yawan abin da ake tallatawa da sunan eriyar rediyon tauraro, kayan SiriusXM ne. Kamfanin yana watsa shiri a kan mita kusan megahaz 2,300, taurarinsa kuma Amurka da Kanada suke haskawa. Ko za ka hau kan dogon ƙarfen sadarwa na Gidan Rumji da eriyarsu sabuwa fil, ba abin da za ta tsinta. Sannan ko a can ma sai da akwatinsu na musamman da kuɗin wata-wata. Mai tallan ba lallai ya yi maka ƙarya a kan sunan kaya ba. Abin da ya ɓoye maka shi ne ƙasar da aka yi wa kayan.

Manyanmu za su ce, ai mun taɓa ganin rediyon tauraro da idonmu. Gaskiya ne. WorldSpace ke nan, wanda Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa. A watan Oktoban 1998 aka harba tauraronsa AfriStar, kuma kamfanoni irin su Hitachi, Sanyo, JVC da Panasonic suka ƙera masa rediyoyi masu ƴar falalen eriya da ake karkatarwa sama. Nijar na cikin ƙasashen da suka fara cin moriyarsa: cibiyar ACMAD da ke Yamai ta yi amfani da shi a shirin RANET wajen isar da labarin yanayi ga rediyoyin karkara, kuma Bankilare ce ake kafa misali da ita. Amma a Oktoban 2008 kamfanin ya karye. Saboda haka wanda ya nuna maka eriyar WorldSpace a cikin kwalinta, ledarta ba a ko ɓare ba, to ya nuna maka tulu mai kyau ne a bakin rijiyar da ta ƙafe. Mitarta ma daban ce, kusan megahaz 1,450 zuwa 1,490, ba ta shiga FM ba ta shiga gajeren zango.

Abin da ya rage mana ta tauraro a yau shi ne farantin da muka sani, wanda muke kira parabol, da kansa na LNB da dikoda. Tashoshin rediyo da yawa suna cikin jerin na talabijin, mutane ne ba sa dubawa. Wannan yana aiki, amma ba na sawa a aljihu ba ne.

Yanzu ga abin da hannu zai iya tantancewa. Girman eriya yana bin mitar da aka yi ta dominta, wannan kuwa ba dabarar ɗan kasuwa da za ta canza shi. FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108. A megahaz 100 tsawon zango mita 3 ne, rubu'insa santimita 75, shi ya sa sandar rediyonka take kai kusan haka in ka zare ta duka. Wanda ya ce maka abu mai girman ƙwayar goro zai kama FM da gajeren zango da tauraro gaba ɗaya, ka tambaye shi lambobin mitar. In bai da su, ko ya ce "duka take kamawa", ka riƙe kuɗinka. Haka wanda ya rubuta cewa eriyarsa na jawo tasha daga nisan ɗaruruwan kilomita. FM kusan miƙe take tafiya, doron ƙasa kuwa a lanƙwashe yake. Mutumin Gazawa da ke son tashoshin Maraɗi su fito masa tas, doguwar gora da waya mai kyau za su fi yi masa amfani.

Wayar ma abin dubawa ce, kuma a nan ake yawan cuta. Ku fere bakinta, ku kawo mayen ƙarfen tsohuwar lasifika kusa da zaren tsakiya. Tagulla zalla ba ta bin maye. In ya manne, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla. Ban ce ba ya aiki sam ba, ana yin wayar parabol da shi, amma kada a sayar maka da shi a kuɗin tagulla, kuma damina ɗaya ta isa ta sa bakinsa tsatsa in ba a naɗe shi da kyau ba. Ku dubi ragar da ke kewaye: in zare ne tsilli-tsilli kamar gemun ɗan akuya, hayaniya za ta shiga. Sai ku ɗora mitar gwajin wuta, ku ga zaren tsakiya ya kai daga baki zuwa baki, kuma bai taɓa ragar ba.

In an ce eriya tana da amfilifaya a ciki, to tana buƙatar wuta. Daga ina za ta same ta? Na tauraro ta cikin wayar suke sha daga akwatinsu, kamar yadda LNB ke sha daga dikoda. Rediyon da ake ratayawa a kafaɗa ba ya ba da wannan wuta, bakin ma ba ya shiga. Na taɓa fasa wata da aka rubuta wa lambobin ƙarfi masu ban tsoro, na tarar da guntuwar waya ɗaya da dunƙulen ƙarfe da aka liƙa don ta yi nauyi a hannu. Tun ranar na daina yarda da nauyi. Rubutun kwali kuwa, tambari da tutar Jamus ko Japan, kowace maɗaba'a na iya buga su.

Batun ciniki gajere ne. Sayen kaya ta hoto sayen kifi ne a ruwa. Ku nemi mai kayan ya ɗauki bidiyon eriyar tana aiki a jikin rediyo irin naku, a nan Nijar ko Kano ko Katsina, ana jin sunan tashar. Ku nemi a biya bayan kaya sun iso. In ya ƙi duka biyun, ya gaya muku abin da kuke son sani.

Akwai kuma abin da ke wuyanmu mu kanmu. Manomi daga ƙauyen Agye ba ya karanta megahaz, fuskarka yake karantawa. In ka karɓi kuɗin haɗa abin da ka san ba zai yi ba, ka ce "sai an ɗan jira ta saba", jika ɗaya ka ci, amma a kasuwa mai zuwa duk ƙauyensu sun ji.

Matashin nan na Cadawa bai tafi hannu rabbana ba. Mun yanke wayar, mita biyar ce da ɗoriya, muka ɗaure ta a reshen gawo muka maƙala ɗaya bakin a sandar rediyonsa, gajeren zango ya fito masa fiye da da. Mayen ƙarfen kuwa yana nan a teburina, shi ke riƙe mini ƙananan kusoshi.

Wassalam, naku a sana'a.