Kafso Ba Ya Kashe Farin Ɗigo: Gyara Ga Masu Kiwon Kifi A Makarfi, Ikara Da Kudan

A yankin da aka fi sani da rake da tumatir, yanzu ana samun matasa da matan aure suna kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida. Da hunturu ya kama, ruwa ya yi sanyi, kifi yakan rage ci, jikinsa ya yi rauni. A nan cuta ke samun ƙofa.

Alamominta a fili suke. Kifi yana goga jiki a bangon tanki, yana tasowa saman ruwa a galabaice, fatarsa ta yi fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. Abin da mai kiwo ya saba yi shi ne ya ruga kemis ya sayo kafson tetrasaikilin ya zazzage a ruwa. Wannan asarar kuɗi ce. Kafson yana yaƙar bakteriya, ita kuwa cutar farin ɗigo wata ƙaramar halitta ce ke jawo ta, wadda masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis. Kifi zai ci gaba da mutuwa, ragowar maganin kuma ta bi wanda ya tsira zuwa tukunyar mai saye.

Halittar tana shigewa ƙarƙashin fata, inda magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya masu iyo suna neman wani kifin. A wannan matakin ne aka fi samun galaba a kansu. Saboda haka zuba magani sau ɗaya ba ya wadatarwa, kuma a ruwan sanyi zagayen rayuwarta yakan ƙara tsawo. Gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita, a ci gaba da shi kwanaki, a riƙa zuƙe dattin ƙasa da sauya ruwa tare da mayar da gishirin da ya fita, ya fi kafso amfani. Fomalin yana aiki, amma tarwaɗa ba ta da ɓawo, idan aka wuce ƙima sai magani ya riga cuta kashe ta.

Rigakafi ya fi magani. Sababbin 'ya'yan kifi su zauna a tanki daban aƙalla mako biyu kafin a haɗa su da na gida. Kowane tanki da ragarsa da bokitinsa.

Mai kiwo a Hunkuyi ko Makarfi bai yi nisa da Zariya ba, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da asibitin koyarwa na likitocin dabbobi da cibiyar NAERLS ta malaman gona. Kankarar majinar jikin kifi ɗaya a duba a na'urar hangen ƙananan halittu ta isa a gane cutar. Ƙananan hukumomin uku su horar da malaman gonarsu kan wannan gwaji kafin hunturu mai zuwa, domin kuɗinsa bai kai na tanki ɗaya da ya mutu ba.