RA'AYINMU: Ruwan masana'anta a bakin burtali

Masu masana'antun abinci sun gano hanya mai arha ta rabuwa da ruwan da suka gama aiki da shi. Maimakon su zuba shi a gulbi, sai su janye shi zuwa gonaki da sunan ban ruwa. Mahauta, da gidajen sarrafa madara, da masu matsar rogo, kowa ya ce taki ne yake rabawa kyauta.

Ba mu ƙi ba. A ƙasa irin Nijar, ruwan da zai tsirar da ciyawa cikin bazara ba abin rainawa ba ne, kuma gaskiya ne akwai abincin shuka a cikinsa. Amma bayan girbi wa ke shiga waɗannan gonaki? Dabbobinmu. Su ne ke cin kara, su ne ke shan abin da ya kwanta a kwari.

Duk wanda ya zauna kusa da masu yin garin rogo ya san ɗanyen ruwan rogo na kashe akuya. Ruwan mahauta ya fi ban tsoro, domin idan aka yanka dabba mai ciwon saifa, ƙwayar cutar tana iya yin shekaru da dama a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Sodar da ake wanke injuna da ita kuwa gishiri take tarawa, har ƙasa ta daskare ta daina shan ruwa. In kuma ruwan bayan gida ya gauraya, shanu su kwashi ƙwan tsutsa, ranar yanka likitan dabbobi ya hana sayar da naman. Asarar ta makiyayi ce, ba ta mai masana'anta ba.

Tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar ruwan ƙazanta ya kwanta a tafkunan tacewa kwana 8 zuwa 10 kafin a shayar da ciyawar dabbobi. Wannan ba ya bukatar injin mai tsada, fili ne da haƙuri.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar makiyaya ta 2010 kuma ta tabbatar da 'yancinmu na zirga-zirga. Saboda haka muna kira ga waɗannan kwamitoci kada su yarda a saki irin wannan ruwa kusa da burtali, ko rijiya, ko mashaya. A riƙa auna shi, a kafa alama a gonar, a sanar da ardo kafin garke ya iso.