Kafin mu jira baƙi, mu tsare turbar keke domin yaranmu

Yau maganar keke za mu yi. E, keke dai, wanda a da sai mai hali ke saye, yau kuma saurayi ke jin kunyar a gan shi a kai. Ra'ayinmu shi ne: yankinmu na bukatar hanyoyin da mota ba ta bi, domin keke da mai tafiya a ƙasa. Kuma rabin aikin kakanninmu sun riga sun yi mana shi, mu ne muke barin sa yana lalacewa.

A wasu ƙasashe irin wannan hanya ta zama babbar sana'a. A Faransa akwai wadda ke bin gaɓar kogin Luwar, wajen kilomita 900, tana ratsa gonaki da tsofaffin gidajen sarauta, mutum ya yi kwanaki yana tafiya a kan kekensa. A Sifen tun 1993 suke mayar da tsofaffin layukan dogo da jirgi ya daina bi zuwa hanyar keke. Kada ku ce abin na Turawa ne kaɗai: Ruwanda ta buɗe tata a 2011, kilomita 227 a gefen tafkin Kibu. Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa. Mai mota wucewa yake yi, ya bar wa ƙauye ƙura. Mai keke kuwa yana gajiya, yana jin ƙishirwa, tayarsa na yin faci. Dole ya tsaya ya sayi fura, ya nemi mai gyara, ya nemi masauki. Kuɗinsa a hannun talakan ƙauye yake faɗawa.

Mun san abin da wasunku za su ce: “Malam, wane baƙo ne zai zo yawon keke a nan, a wannan hali da ake ciki?” Gaskiyarku. Tun 2019 ƙauyukan Gidan Rumji ke karɓar ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, kuma ɓarayin daji ba su bar bakin iyaka ya yi barci ba. Duk wanda ya ce muku gobe masu yawon buɗe ido za su cika Cadawa, yaudararku yake yi. Shi ya sa ba don baƙo muke wannan magana ba. Don kanmu muke yi. In baƙo ya zo daga baya, ya tarar da abin da muka shimfiɗa wa ƴaƴanmu.

Ku dubi kwaltar da ta ratsa garinmu, hanyar ƙasa mai lamba 1. Ita ce mai haɗa Yamai da Maraɗi, Damagaram har Diffa. Tankokin mai daga matatar Damagaram, tireloli, manyan motocin fasinja, duk nan suke bi, ga kuma mahaɗar Mayahi. A gefen wannan kwalta ɗin ne ɗalibin da ya fito daga ƙauye zuwa kwaleji yake lallaɓawa da kekensa, da mai amalanke, da tsohuwa mai tallan nono. In babbar mota ta yi oda, zaɓinsa biyu ne: ya faɗa rairayi ko ya tsaya bisa kwalta ya miƙa wa Allah lamarinsa. Wace unguwa ce a bakin wannan hanya ba ta taɓa zaman makokin haɗari ba? Uba nawa ne ya cire ɗiyarsa daga makaranta, ba don yana ƙin karatu ba, sai don tafiyar ta yi nisa kuma hanyar ba ta da aminci?

Ga kuma maganar aljihu. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, sannan aka rufe iyaka bayan Yuli na wannan shekarar, kowa ya ji a jikinsa. Man kwalba ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya tashi. Keke ba ya shan mai, ba ya cin dusa. Tiyata mafi girma da ake yi masa ita ce faci da ɗaurin sarƙa. A Burkina Faso, maƙwabciyarmu, mata da ƴan mata suna zuwa kasuwa da makaranta a kan keke ba wanda ke ɗaga ido, kuma tun 1987 suke gasar tseren keke ta ƙasa da duk Afirka ta sani. Mu me ya hana mu?

Ba mu da tsohon layin dogo kamar Sifen, sabon ma na Kano zuwa Maraɗi yanzu ake aikinsa. Amma muna da turba. Kowane ƙauye na da turbar da ke kai shi kasuwa, rijiya, maƙabarta da ƙauyen da ke gaba. Ita fatake suka bi, ita aka bi da amare. Matsalar ita ce turba ba ta da takarda. Ƙasar noma ta yi ƙaranci a yankin Agye, gonar gado ana ta raba ta tana ƙanƙancewa, sai kowace damina mai gona ya ƙara kunya ɗaya ta gefen hanya. Bana kunya ɗaya, baɗi kunya ɗaya, bayan shekara goma amalanke biyu ba sa iya gilmawa. Wata turbar ma ta ɓace ɗungum, sai dattawa ke nuna inda take da sanda.

Mun taɓa ganin irin wannan da burtali, kuma mun biya da jini. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100. Bayan haka aka kafa dokar karkara ta 1993, aka girka kwamitocin kula da filaye da muke kira COFO, tun daga ƙauye har zuwa gunduma, aka bi burtali ana aunawa ana kafa masa alamun siminti. Ba mu ce rigima ta ƙare ba, amma inda aka kafa alama, an samu abin nunawa in gardama ta tashi. To abin da aka yi wa hanyar saniya, a yi wa hanyar ɗan makaranta mana.

Kuma ku duba inda waɗannan turbobi ke kaiwa. Arewa da Agye akwai Ɗan Saga, ƙauyen da ya yi suna wajen sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a rene shi har ya zama itace. Wannan dabara a jihar Maraɗi ta bunƙasa tun wajen 1983, kuma masana sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Mutane sun zo daga ƙasashe da dama don su gani da idonsu, amma ɗalibanmu nawa suka taɓa zuwa? A yamma ga Tsibiri, wadda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda har yau ake da fadar Gobir da sarautar Inna. A kudu ga tafkin Madarumfa da kushewun waliyyai 99, waɗanda Nijar ta miƙa sunansu ga UNESCO a 2006 cikin wuraren da take neman a ɗauka kayan tarihin duniya. A gabas, gaba da Tasawa, ga Maijirgi, inda tafiyar Voulet da Chanoine, sojojin Faransan da suka ƙona garuruwanmu, ta ƙare a watan Yuli na 1899. Mu da muka yi karatu da Faransanci, a allo da littafi aka nuna mana waɗannan abubuwa, alhali wasunsu tafiyar yini ce a keke. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ba za mu ɓoye muku wahalhalun ba. Na farko rairayi. Ƙasarmu jigawa ce, duk wanda ya taɓa tura keke a cikinta da rana tsaka ya san ba wasa ba ne. Sai an zuba jar ƙasa an daddaɓe, ko da faɗin taki biyu ne a gefe guda, a bar ɗaya gefen ga amalanke da bisashe. Na biyu ƙaya, wadda maganinta shara ce da mai faci a kowane zango, kuma wannan ma sana'a ce ga matasa. Na uku babur. Ba za a ce kabu-kabu kada ya bi ba, don shi ke kai mai naƙuda asibiti da dare. Amma a hana mota, a kuma sa wa babur ƙa'idar gudu kusa da makaranta. Na huɗu mai gona. In za a mayar da faɗin turba, sai an zauna da shi gaban mai gari da liman, a yi da lalama, inda ya kamata a biya diyya a biya. Na biyar tsaro: inda ba lafiya, a dakata. A fara da inda ake kwana da ido biyu rufe.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma ba sai an jira wani furoje daga waje ba. Masu riƙe da ma'aikatar magajin gari a Cadawa, ku zaɓi turba ɗaya tak, wadda ɗalibai suka fi bi zuwa kwaleji, ku sa COFO ta auna ta, ta rubuta ta, a kafa alama. Iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah ya ja zamaninku, ku kira gayya bayan girbi kamar yadda ake yi wa masallaci da rijiya. Masu amalanke su kawo jar ƙasa, ƴan fada su kawo ƙarfi maimakon shayin yini guda, a dasa gawo da dogon yaro a gefe don inuwa. Malaman makaranta, a lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Janairu, ku fitar da yara sau ɗaya a kan kekuna zuwa ƙauyen da ke kusa, wani dattijo ya zaunar da su ya gaya musu wanda ya sari garin, da dalilin sunansa, da inda tsohuwar rijiya take. Ku kuma ƴan uwa da ke Agadas, Libiya, Aljeriya da Legas, in za ku aiko da tsaraba, ku tuna keke ɗaya na iya riƙe ƙanwarku a makaranta har ta gama.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018. Zai yi kyau wata shekara ranar ta same mu da turba ɗaya da aka gyara, ko da kilomita biyar ce, maimakon jawabi. In ta yi kyau, ƙauye na gaba da kansa zai nemi a haɗa da tasa, a haka har wata rana yaro ya tashi daga Gazawa ya kai Tsibiri ba tare da ya yi kafaɗa da tirela ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Dattawan da suka san tsofaffin turbobin nan suna ƙarewa, damina kuma ba ta jiran kowa. Ku tambaye su tun suna raye, ku gaya mana wace turba ce a ƙauyenku ta fi cancanta a fara da ita. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare mana yaranmu a kan hanya.