Raddi ga mai cewa lambar allon shaɗaranji ba ta rabuwa

Akwai maganar da nake ji a bakin wasu ɗaliban lissafi a Azare, kuma bai dace a bari ta zauna ba. Batun tsohon lissafin nan ne na allon shaɗaranji mai gida 64: ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ta ninkawa har ƙarshe. Jimlar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Mai da'awar ya ce wai babu lambar da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta.

Hujjarsa ta farko: lambar wutiri ce. Wannan gaskiya ne, amma tara ma wutiri ce, kuma uku na raba ta. Ya dubi wutsiyar lambar mana! Da 5 ta ƙare, don haka biyar na shiga cikinta ba saura. In ka tara alƙalumanta za ka sami 87, wato uku ma ta shiga.

Ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ma ke ruɗar masu ƙoƙari. Ya ce 3 da 7 da 31 da 127 duk ninkin biyu ne aka cire ɗaya, kuma ba sa rabuwa, to 'yar'uwarsu ma haka. Sai dai ya tsallake 15 da 63, alhali gidansu ɗaya. Ƙa'idar ita ce, muddin yawan ninkin yana rabuwa, sakamakon ma sai ya rabu, kuma 64 tana rabuwa. Tubalan lambar bakwai ne: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Ba wanda ya maimaitu, shi ya sa masu raba ta suka kai 128 cif. A rabon malaman hisabi na dā, na tamma da za'ida da naƙisa, ita naƙisa ce, domin jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ba ta kai ta ba.

Ta uku, wai ba a iya tabbatar da wannan sai da kwamfuta. Al-Biruni ya fitar da jimlar wajen shekara ta 1000, Ibn Khallikan ya kawo labarinta a Wafayatul A'ayan. Euler ya gano 641 da hannu a 1732, shekarar da Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafinsa na hatimin lambobi. Fataken Katagum da ke ƙirga wuri keso-keso, dubu ashirin kowane, ba su jira na'ura ba.

Ya ku ɗalibai, ku ɗauki takarda ku raba ta da 17 kafin ku sake yarda da wannan magana. Da'awar ɓatacciya ce.